Cindo Mai Hoto a Fadar Zaki

Ku matso kusa, manya ku bar wa ƙanana gaba. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wani mutum ne wai shi Cindo, mai hoto. In ana suna, Cindo ne. In ana biki, Cindo ne. Ya ɗauki jarirai, ya ɗauki 'yan dambe, ya ɗauki mahauta a bakin tukuba, har babu fuskar da ta rage a garin. Sai ya ce a ransa, "Na gida dai na gama da su. Bari in je in ga na dawa."

Ya rataya kyamara, ya kama hanya. Tafiya, tafiya, tafiya. Ya wuce gonaki, ya wuce makiyaya, ya shiga ƙungurmin daji. Yana sunkuye yana ɗaukar wata fara a kan ganye, sai ya ji numfashi mai ɗumi a ƙeyarsa. Ya waiga. Zaki ne, manyan dawa. Ga Zakanya matarsa a dama, ga Damisa waziriyarsa a hagu.

Zaki ya ce, "Ɗan Adam, ka kawo kanka daidai lokacin kalaci."

Cindo ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka cinye ni, gobe yunwa za ta dawo. In ka bar ni, zan nuna maka abin da kowa a dajin nan ya gani, kai kaɗai ne ba ka gani ba."

Zaki ya ce, "Mene ne?"

Cindo ya ce, "Fuskarka."

Gaskiya ne, Zaki bai taɓa ganin kansa ba sai a tafki, shi ma da ya sa harshe sai fuskar ta watse. Ya ce, "Na ba ka dama uku. In na ga kaina, ka tafi gida. In ban ga kaina ba, ka kwana a cikina."

Rana na tsaka. Zaki ya tsaya gaban wani busasshen gawo. Cindo ya ɗaga kyamara, hannu na kakkarwa, yana waƙa ƙasa-ƙasa:

"Kyamara, buɗe ido,
Kar ki ƙara, kar ki rage,
Ran Cindo na hannunki."

Ƙyas. Ya juya bayan kyamara ya nuna musu.

Damisa ta leƙa, ta ce, "Wannan ba Zaki ba ne, hayaƙi ne. Hannunka ya yi rawa. Ranar tsaka ta mai da idanunsa ramuka. Ga reshe nan kuma ya tsiro masa a ka, sai ka ce barewa."

Ran Cindo ya ɓaci, don a gari ba a taɓa kushe aikinsa ba. Ya buɗe baki zai yi musu, sai ya sake duba hoton. Ga reshen nan kuwa, ƙiri-ƙiri. Ya ce, "Gaskiyarki, ranki ya daɗe. To, wane lokaci ya fi?"

Damisa ta dube shi da mamaki, don ta saba in ta yi gyara a ji haushinta. Ta ce, "Da sassafe, ko da la'asar sakaliya, sa'ad da rana take launin zuma. Lokacin nake fita farauta, na san haske."

Zaki ya ce, "Saura biyu."

Gari ya waye. Rana ta leƙo, launin zuma. Zaki ya tsaya a fili, babu itace a bayansa. Amma tsoro bai saki Cindo ba. Ya haye can ƙololuwar wata tsamiya, ya dafa kyamara a reshe don kada ta motsa.

"Kyamara, buɗe ido,
Kar ki ƙara, kar ki rage,
Ran Cindo na hannunki."

Ƙyas. Ya sauko ya nuna musu.

Zakanya ta leƙa, ta ce, "Haske ya yi, rawa ta tafi, wannan ka gyara. Amma daga sama ka dube shi, ka mai da mini miji kyanwa. Bayansa na gani, ban ga idonsa ba. Wanda bai dubi idon Zaki ba, bai ga Zaki ba. Ka sauko ƙasa, ka matso, idonka daidai idonsa."

Cindo ya ce, "Uwar daji, kusa da bakinsa ke nan fa."

Ta ce, "Nesa ma ai ba ta hana shi cin ka."

Cindo ya ce, "Gaskiyarki, ranki ya daɗe."

Zaki ya ce, "Saura ɗaya."

La'asar ta yi sakaliya. Cindo ya kwanta rub da ciki, ya ja jiki, ya ja jiki, har yana jin hucin Zaki a goshinsa. Haske ya yi. Babu reshe a baya. Hannu ba ya rawa. Amma Zaki ya banƙaro ƙirji, ya zare ido, ya yage baki, ya sandare kamar gunki.

Cindo ya ga yanzu laifin ba nasa ba ne. In ya ɗauka haka, mutuwa. In ya ce wa Zaki tsayuwarsa ba ta yi ba, mutuwa. Sai ya sauke kyamara, ya ce, "Ranka ya daɗe, kyamara ta gaji, barci ya ɗauke ta. Ka ɗan huta kafin ta farka."

Zaki ya saki numfashi, ya ce, "Madalla. Dama wuyana ya ƙage."

Ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan hannu. Can sai ga autansa, ɗan ƙaramin zaki, ya zo ya haye gezarsa, ya kama kunnen uban yana ciza. Zaki ya ɗan juyo da kai, rana ta faɗa cikin idonsa. Cindo ya yi waƙarsa a zuci.

Ƙyas.

Zaki ya miƙe zumbur, ya ce, "Ba ka ce barci take ba?"

Cindo ya ce, "Yanzun nan ta farka, ranka ya daɗe."

Ya miƙa kyamara. Zaki ya duba, ya duba, ya duba. Ga tabon tsohon faɗa a hanci. Ga furfura a geza. Ga yaro a kunne. Ya ce, "Wane ne wannan dattijon?"

Zakanya ta leƙa, ta ce, "Shi ne wanda na aura."

Zaki ya sake duba hoton. Sannan ya ce, "Haka babana yake, sa'ad da nake hawa kansa. Ɗan Adam, na ga kaina. Hanya taka ce."

Damisa ta leƙa ta bayan kafaɗarsa, ta ce, "Ya yi kyau. Sai dai ka yanke wa yaron bakin wutsiya."

Cindo ya duba, ya yi dariya, ya ce, "Gaskiyarki. In an yarda, gobe in dawo in gyara."

Zaki ya ce, "Ka dawo. Amma gobe ita za ka ɗauka, mu kuma mu zauna mu yi gyara."

Damisa ta kau da kai, ta shiga lasar zanen jikinta tun daga lokacin, tana shirin hoton gobe.

Zakanya ta raka Cindo har bakin gonaki. Washegari ya dawo, jibi ma ya dawo, kullum ana gyara masa, kullum hotonsa na ƙara kyau.

To kun ji, yara. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya nuna maka aibin aikinka, ka ce masa na gode, ka tambaye shi saura.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ba don Gizo ya tsaya mini ba, da kun ce shirga muku na yi.