Warin Kananzir a Hannun Mai Fenti

Akwai wata tsohuwa mai guga, jikokina, ɗanta ɗaya tak a duniya. Dogo ake ce masa. Fenti yake yi. Allon shago, bangon makaranta, lokacin zaɓe kuma duk jam'iyyar da ta kira shi zai je ya zana mata tambari. Shi ba ruwansa, abin da za su ci yake nema.

Ana saura mako biyu zaɓe, ofishin jam'iyya mai mulki ya kama da wuta da rana tsaka. 'Yan sanda suka tarar da Dogo a bakin titi riƙe da galan, hannunsa na warin kananzir. Ga shi kuma ranar bangon 'yan adawa ya shafa. Shi ke nan, suka cusa shi a mota.

Da tsohuwar ta je ganinsa a inda aka tsare shi, ya riƙe ƙarfen ƙofa yana cewa, "Inna, wallahi buroshi nake wankewa."

Wani ya ce mata mai ƙona gini shekara goma ba ta isar sa. Ta lissafa shekarunta, ta ga ba za ta kai ba. Ranar ta bar dutsen guga a kan rigar mutane har ta huje, ba ta ma ji ƙauri ba.

Sai aka gaya mata alƙalin da zai yi shari'ar. Ashe ɗan tsohuwar maƙwabciyarta ne, wanda ta sha goge wa kayan makaranta. Ta ce, "Alhamdulillahi, namu ne!"

Ƙanwarta ta taɓe baki. "Naku a ina, Yaya? Kin manta ubansa? Har ya mutu tutar jam'iyya mai mulkin nan na kan rufin gidansu."

Da safe ta ɗaura zaninta mai kyau guda ɗaya, ta tafi gidan alƙali.

Mai gadi ya ce, "Baba, ya ce duk mai ƙara a gabansa kada ya taka gidan nan."

"Je ka ce masa Inna mai guga ce. Ni na goya shi lokacin da uwarsa ke kwance a asibiti."

Ya shiga, ya dawo yana sosa ƙeya. "Ya ce yana gaishe ki. Ya ce ki koma gida."

"Yaron da na share wa majina?" Ta zauna bakin kwata tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

Tana nan zaune sai ga wata doguwar mota. Shugaban jam'iyyar ne da kansa. Mai gadi ya faɗa masa abin da ya faɗa mata.

"Kai, ka san ko ni wane ne? Da ni aka ɗauki gawar ubansa!"

"Na sani, ranka ya daɗe, ai hotonka ne a jikin kowace fitilar titi. Ƙofar ce ba ta san ka ba."

Mota ta juya a fusace. Amma tsohuwa ba ta samu sauƙi ba. Ta ce a ranta, manya ai ta waya suke gama magana.

Ranar shari'a ta zauna a bencin baya. Alƙali bai dubi inda take ba ko sau ɗaya. Aka ajiye galan a kan tebur. Ya tambaya, "Akwai wanda ya gan shi ya kunna wuta?"

Ba a samu ko mutum ɗaya ba.

Lauyan Dogo ya nemi a shigo da masu fenti uku da ke aiki a ginin da ke tsallaken titi. Babbansu ya ce fentin mai ba ya fita da ruwa, da kananzir suke wanke hannu da buroshi kullum. Alƙali ya sa ɗan sandan da ya yi kamun ya shinshina hannayensu.

"Kananzir," in ji shi. Na biyu ma haka. Da ya zo kan na uku ya kau da kai. "Ranka ya daɗe, wannan har ya fi wancan."

Kotu ta kwashe da dariya. Ita dai ba ta yi ba, benci ta ƙanƙame.

Alƙali ya ce wari ba shaida ba ne. Ya sallami Dogo.

Bayan an watse alƙali ya same ta a baranda, ya durƙusa har ƙasa. "Inna, ki yafe ni."

"Ka bar ni bakin kwata."

"Da na buɗe miki, dole in buɗe wa shugaban jam'iyya. Kuma kin san a cikin falo, shi ya fi ki murya."

Ta dubi gwiwoyinsa a ƙasa. Sannan ta ce, "Tashi, kana ɓata wandonka."

Bayan zaɓe aka mayar da shi aiki wani lungu mai nisa. Kafin ya tafi ta je da dutsen gugarta ta goge masa rigunansa kaf. A wannan karon mai gadi da kansa ya riƙe mata ƙofa.

Darasi: Ku daina roƙon Allah Ya ba ku alƙalin da ya san ku, jikokina. Alƙalin da zai karkata don unguwarku, gobe zai karkata don jam'iyyar ubansa, kuma talaka ne zai sha ƙasa. Ku roƙi wanda ke barin gidansu da ra'ayinsa a bakin ƙofa, ya dubi shaida kawai. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu cewa "ai muna da mutum a ciki."