Mai duba rezo da bai san hanyar ƙauye ba

Ya 'yan uwa, a nan Tawa an yi wani mutum, ma'aikacin gwamnati. Ba zan kama sunansa ba, don har yau in na tuna shi kunya nake ji. Sahun gaba yake salla, ni da bakina na sha yabonsa.

Aikinsa ba mai wuya ba ne. Duk wata ana ba shi mota da mai, ya zaga ƙauyukan arewacin Adar, ya tsaya gindin kowace eriyar waya, ya kira lambar agajin gaggawa, ya tabbatar tana shiga. In rezo, wato sabis ɗin waya, ya mutu ya rubuta, hukuma ta tilasta wa masu eriyar su gyara.

Sai ya gano dabara. Motar ta koma kai taki gonarsa ta Kalfu. Ƙauyukan kuwa, sai ya jira ranar kasuwar Barmu, ya kira masu gari a waya. Ya san sarai a kasuwa suke, inda rezo ke da ƙarfi.

"Ina gida? Ina mutane?"

"Lahiya lau, alhamdu lillahi."

Wane dattijo ne zai amsa gaisuwar ma'aikacin gwamnati da ƙorafi? Shi kuwa sai ya rubuta komai daidai, ya sa hannu, ya buga hatimi. Shekara biyu yana haka.

A wani ƙauye arewa da Barmu, baturan eriya sun mutu wata huɗu. Ran nan da hantsi rijiya ta rufta da wani mai haƙa, Muktari. Ƙasa ta danne shi har ƙirji, amma yana da rai, yana magana. Mutane suka yi ta kiran 'yan kwana-kwana, wayoyi shiru. Suka hau tudu, shiru. Kafin mai babur ya kai inda waya ke shiga, kafin masu ceto su iso, la'asar ta yi. Gawa suka fitar. Matarsa Sauda tana bakin rijiyar tun safe, tana jin muryarsa har ta daina ji.

Hukuma ta tashi tawagar ta'aziyya da bincike. Aka ce mutumin nan ya shiga motar gaba ya nuna hanya, tunda duk wata yana zuwa. A mararraba direba ya tambaye shi dama ko hagu. Ya ce hagu. Sai da wani makiyayi ya maido su kan hanya.

Da suka isa aka zauna kan tabarmi, mai gari ya gaisa da kowa. Ya zo kan mutumin nan, ya riƙe hannunsa cikin mutunci, ya dubi shugaban tawaga.

"Wanga baƙo hwa? Ba mu taɓa ganin shi ba."

Takardar da baƙon ya sa wa hannu cewa rezon ƙauyen lafiya lau, kwana uku kafin rijiyar ta rufta, tana cikin jakar shugaban.

An kore shi, an kai shi gaban shari'a. Yau a wani masallaci can bayan gari yake salla, sahun ƙarshe, yana fita kafin a shafa addu'a.

Ya 'yan uwa, bai ɗauki wuƙa ba, bai tura kowa rijiya ba. Sa hannu kawai ya yi kan abin da idonsa bai gani ba. Wannan shaidar zur ce, kuma cin amana ne. Mu da muka riƙa ganin motar gwamnati ɗauke da taki muna ce masa sannu da aiki, me za mu ce wa Sauda ranar tsayuwa?

Allah ya jiƙan Muktari, ya yafe mana shirunmu, ya kiyaye hannayenmu daga shaidar abin da ba mu gani ba. Amin.