Reshen Ƙerana a Ƙarƙashin Rumbu

A wani gari da ke gindin duwatsu an yi wani dattijo mai gida, wanda Allah ya ɗora wa son itatuwan ƙaya. Mutane suna dasa mangwaro da gwaiba a tsakar gida, shi kuwa ƙerana da tinya da danginsu yake tarawa, irin tsiron nan masu kaurin jiki da ba su da ganyen kirki sai ƙaya. Ya jera su a baranda cikin tsofaffin tukwane da kasake. Kowace tukunya ya huda mata gindi, ya zuba tsakuwa da yashi da garin gawayi. Wata shukar doguwa ce kamar taɓarya, wata a dunƙule kamar curin fura. Baƙo bai isa ya sha ruwa a gidan nan ba sai an zagaya da shi, an gaya masa dutsen da aka samo kowacce. Maƙwabta sukan ce da awaki ya kiwata da ya fi masa amfani. Shi ko a jikinsa.

A cikinsu akwai wadda ya fi ji da ita. Ƙerana ce da ya yanko daga shingen gidan mahaifinsa a kan dutse, ranar da mutanen ƙauyensu suka sauko suka koma gari. Daga baya aka share kufan, aka mai da shi gona, shingen ya tafi. Ita kaɗai ta rage daga gidan da aka haife shi. Burinsa shi ne ta yi rassa, ya ba kowane ɗansa ɗaya kafin Ubangiji ya kira shi.

Dattijon yana zaune da ɗansa da matar ɗan. Ita surukar 'yar masu lambu ce daga bakin kogi. A gidansu, rana ta faɗi ba a ba shuka ruwa ba abin kunya ne, kuma da haka ta tashi.

Ana cikin zafin bazara sai ciwon ido ya matsa wa dattijo, ɗansa ya ɗauke shi zuwa birni neman magani. Da za su fita ya nuna baranda da sandarsa ya ce, "'Yata, ki kula mini da su." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Mutumin da ke cika baƙi da labarin duwatsu bai taɓa gaya wa mutanen gidansa yadda ake renon abin ba.

Ta duba tukwanen, ta ga ƙasa a bushe ƙayau, tausayi ya kama ta. Ta ɗebo ruwa ta zuba, sai ta ga yana zurarewa ta ƙasa. Ta ce a ranta, wayyo, ashe tukwanen Baba duk sun fashe bai sani ba. Sauran takan ɗan yayyafa musu, amma ƙeranar da ta san ya fi so, ta kwaɓa laka ta toshe mata hujin, ta ƙara mata taki, ta riƙa shayar da ita safe da yamma. Rijiyar da nisa, ga rana, amma ba ta taɓa fashi ba.

Da dattijo ya dawo bayan makonni, ko takalmi bai cire ba ya nufi baranda. Wari ya fara yi masa maraba. Ya taɓa gindin ƙeranar, yatsansa ya nutse kamar a ruɓaɓɓiyar kabewa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, maganganu masu zafi suka taru a bakinsa. Ya juya, sai ga surukar a bayansa tana murmushi, tana jiran yabo.

"Baba, ban bar ta da ƙishi ba ko sau ɗaya," in ji ta.

Ya dubi lakar da ke gindin tukunya, ya dubi tulun da ke gefe. Ya gane ba sakaci ne ya yi wannan ɓarna ba. Ya haɗiye abin da ke bakinsa ya ce, "Kawo mini wuƙa da toka."

Ya kau da fuska saboda farin ruwan ƙerana mugu ne a ido, ya yanke ta. Cikin baƙi ne. Ya ƙara yanka sama, har yanzu baƙi. Bai sami wuri mai lafiya ba sai can kusa da kai, abin da bai wuce tafin hannu ba. Ya shafa wa yankan toka, ya kai reshen ƙarƙashin rumbu inda akwai inuwa da iska, ya kwantar da shi a kan fasasshen kasko, ya tafi ya bar shi.

Surukar ta fashe da kuka. "Baba, bari in dasa ta yanzu, ko in sa ta a ruwa, kada ta mutu."

"In ta taɓa danshi da ɗanyen rauni, ruɓa za ta yi," ya ce. "Aikinki ɗaya ne. Ki riƙa duba ta, ki kore kaji, kada ki ba ta komai."

Kwana ya bi kwana, reshen yana yanƙwanewa. Shi kansa dattijon tsoro yake ji, ko da yake bai gaya wa kowa ba. Yakan fake da neman wani abu a wajen rumbu don ya leƙa. Sau da yawa yakan hango surukar ta dawo daga rijiya, ta tsaya da tulu a ka tana kallon reshen, ta daɗe, sa'an nan ta wuce madafi da ruwanta. Ya san abin da wucewar nan take ci mata a rai.

Da raunin ya bushe ya yi ɓawo mai tauri, ya kira ta ya miƙa mata sabuwar tukunya. Ta ja da baya ta ce ita da ta kashe uwar ba ta isa ta taɓa 'yar ba. Ya ce ita za ta dasa. Ta huda gindin tukunyar da hannunta, ta zuba tsakuwa da busasshen yashi, ta kafa reshen. Har yanzu ba ruwa.

Bayan wasu makonni ya ce ta ɗan ja shi a hankali. Ta ja, reshen ya ƙi tasowa, ya kama ƙasa. Ran nan ya ce ta ba shi ruwa rabin moɗa. Kafin damina ta ƙare, sabon toho kore shar ya fito a kai, da ƙananan ƙayoyi masu laushi.

Kai, zo ka ga dattijo! Ya tare maƙwabta a ƙofar gida, har masu zancen awaki, ya jawo su baranda. Ya ce, "Wannan shingen gidan ubana ne, kuma 'yata ce ta raya shi. Ku nuna mini wani ɗan lambu da zai riƙe tulu a gaban shuka mai ƙishi ya hana hannunsa!" Ita tana bayan ƙyaure tana rufe fuska don kunya, shi kuwa sai ƙara ɗaga murya yake yi.

To, 'yan'uwa, ga abin da wannan misali yake nufi. Reshen da aka yanke shi ne ɗan'uwa ko 'yar'uwa a cikin ikilisiya da ke ɗauke da ɗanyen rauni: wanda aka yi wa rasuwa, wanda ya faɗi cikin zunubi ya tuba yana jin kunya, wadda gidanta ya watse. Ruwan nan ƙaunarmu ce, kuma ƙauna abu ne mai kyau. Amma mu mutanen lambu ne. Mukan cika ɗakin mai makoki da wa'azi da tambayoyi da shawara, mu ce ya daina kuka, ya koma ƙungiyar mawaƙa ranar Lahadi. In ya daina zuwa sujada sai mu yi mamaki, mu ce ai ba mu bar shi ko sau ɗaya ba.

Ubangiji ya san lokacin da rauni ke bukatar inuwa da shiru. Kai da kake ji kamar an kwantar da kai a ƙarƙashin rumbu, ba ƙasa ba ruwa, ba yar da kai aka yi ba. Mai gidan yana kusa, yana duba ka.

Ku kuma masu tulu, a wannan mako ku je wurin mai raunin nan da kuka sani. Ku zauna kusa da shi, ku tsare shi daga masu tsegumi, ku yi masa addu'a a zuciya, ku kama bakinku. Zai yi muku wuya fiye da ɗiban ruwa. Amma ranar da ya kafu ya sake toho, Ubanku na Sama ba zai ji kunyar nuna ku ba, ya ce, "Wannan ɗana ne, wannan 'yata ce, su suka raya mini shi."