Kwana Huɗun Kawu Zulkifilu a Washington

Akwai wani injiniya a Silver Spring, kusa da Washington, sunansa Munzali. Duk wanda ya zo Washington daga gida, da wuya a ce ba a ba shi lambarsa ba. Shi ya san gidan abincin da ke saman bene hawa goma sha biyu, shi ya san jirgin ruwan da ke zagaya kogin Potomac da yamma, shi ya san gidan kiɗan da ba a samun kujera sai an kama wuri tun wata guda. Baƙo ya faɗa hannunsa, sai ya koma gida da waya cike da hotuna da ƙafa cike da ciwo.

Ba zan ɓata shi a wurinku ba. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake yake. Cikas ɗinsa ɗaya: ba ya tambayar baƙo abin da yake so, domin a ganinsa ya riga ya sani.

Sai ga babban baƙo. Kawunsa Zulkifilu, tsohon malamin sakandare a Bukuru, wanda ya riƙe shi tun yana ɗan shekara tara bayan rasuwar mahaifinsa. Kawu ya je Houston ganin 'yarsa da ta haihu, zai tsaya kwana huɗu a Washington kafin ya wuce gida.

Kawu ba mutum ne mai yabo ba. Munzali ya yi digiri biyu, ya yi aure, ya sayi gida, abin da ya samu daga bakin Kawu bai wuce "to, a ƙara ƙoƙari" ba. Saboda haka ya ci alwashi a ransa, wannan karon sai tsohon ya koma gida yana alfahari da shi.

Ranar Talata ya ɗauko shi daga filin jirgi. Suna cikin cunkoson babban titin Beltway, Kawu ya gyara hula ya ce:

"Ka tuna Malam Matthew, wanda muka koyar tare? Yana wajen 'yarsa a wani gari wai Laurel. Matarsa Olive ta rasu bara a gida, shi kuma ciwo ya hana shi zuwa jana'iza. Ina so in yi masa gaisuwa, idan an samu sarari."

"Allah sarki. Za a duba, Kawu," in ji Munzali, idonsa na kan taswirar waya. "Ai Laurel ba komai sai rumbunan ajiye kaya. Bari ka ga abin da na shirya maka tukuna."

Kawu ya ce, "To, madalla." Bai sake tayar da maganar ba.

Ranar Laraba da yamma aka hau saman bene a bakin ruwa. Fitilun gari sun kunnu, kiɗa na tashi, masu hidima na kai da kawowa. Aka kawo wa Kawu wani kifi da rabinsa bai ga wuta ba, an yi masa ado da ganye uku. Ya juya shi da cokali, ya mayar da shi yadda yake, ya ci burodin da ke gefe. Da magariba ta yi, a wani lungu kusa da lifta ya shimfiɗa rawaninsa ya yi salla.

"Kawu, ka ga gari ko?"

"Na gani. Madalla."

Sadiyya, matar Munzali, ita ce ta lura da abin da mijinta bai gani ba. Da za su fita, Kawu ya ɗauko wata baƙar leda daga ɗakinsa ya sa a bayan mota. Da suka dawo, ya mayar da ita ɗaki. Washegari da safe tana gyara masa shimfiɗa ta ga bakin ledar a buɗe: acca ce mudu biyu, da ambulan ɗin hotuna.

Ta tare mijinta a kicin yana haɗa kofi.

"Baban Hasiya, ledar nan ta Kawu saƙon Laurel ce. Jiya ya ɗauke ta ne ko za ku biya ta can."

"Ai cewa ya yi idan an samu sarari."

"Kai ma ka san manyanmu. Baƙo ba ya ce wa mai gida ga inda za a kai ni. Tunda ka ji ya furta, to ita ce ta tsayar da shi a garin nan. Kuma ta'aziyyar aboki na shekara arba'in ba a yin ta a waya."

"Sadiyya, na riga na kama wurare na biya. Yau jirgin ruwa, gobe gidan kiɗa a U Street, kujerun gaba. Asabar da safe sai mu leƙa."

"Asabar ƙarfe goma sha ɗaya jirginsa zai tashi."

"Za a duba," in ji Munzali, ya ɗauki makullin mota.

Ranar Alhamis aka shiga jirgin ruwa. Gaskiya wurin ya yi kyau, wannan ba a musu. Gine-ginen tarihi sun sha fitila, hotonsu na rawa a kan ruwa, wasu matasa na tiƙar rawa a tsakiyar jirgin. Munzali sai nuni yake da yatsa yana zuba bayani kamar shi ya aza harsashin garin. Kawu ya naɗe cikin babbar riga da suwaita, iska na kaɗa masa gemu. Sau ɗaya ya yi tambaya.

"Ruwan nan yana bi ta Laurel?"

Munzali ya yi dariya. "A'a, Kawu, can gabas da arewa take. Tsaya nan in ɗauke ka hoto."

A hoton, Kawu bai kalli kyamara ba. Munzali ya ɗauka sanyi ne ya dame shi, ya sayo masa shayi.

Ranar Juma'a Munzali yana da taro a ofis. Ya sauke Kawu a ƙofar masallaci, aka shirya Sadiyya za ta ɗauko shi bayan salla. Bai ma kula da cewa tsohon ya fito da ledarsa ba.

Ƙarfe biyar ya dawo gida yana fito, ya yi wanka, ya sa kwat ɗin da yake ji da ita, ya fesa turare. Ya ƙwanƙwasa ɗakin baƙi, shiru.

"Ina Kawu?"

Sadiyya tana yanka albasa, ba ta ɗago ba. "Yana Laurel. Ya bugo mini bayan salla ya ce kada in wahala. Na kira ka sau uku, wayarka a kashe."

"Wa ya kai shi?"

"Sabo."

Munzali ya san Sabo. Wani Bakano ne mai aikin gadi a rumbun kaya a Laurel, irin mutanen da Munzali kan miƙa wa kan yatsu a masallaci ya wuce. Matar Sabo ce ta ba Sadiyya labarin yadda aka yi. Bayan an sallame, Kawu ya tsaya wurin takalma da 'yar takarda a hannu, yana tambayar masu fita ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai zuwa Laurel. Sabo yana da aikin dare a gabansa, barci ya kamata ya je ya yi, amma ya karɓi ledar ya ce, "Baba, mu je."

Kunya ta lulluɓe Munzali tun daga kai har ƙafa. Kawunsa, ɗan shekara saba'in da biyu, a ƙofar masallaci yana roƙon a rage masa hanya, a garin da kowa ya san Munzali ne jagoran baƙi. Ya zari makulli ya fita, tikitin kiɗan na cikin aljihunsa.

Tafiyar da ya kwana uku yana cewa babu sararinta, minti talatin da biyar ta ɗauke shi.

Wata mata sanye da kayan asibiti ta buɗe masa ƙofa. Chundung ce, 'yar Malam Matthew, nas. Tun daga bakin ƙofa ya jiyo ƙamshin gwaten acca da ƙarar dariya.

"Kai ne Munzali? Shigo, ɗan'uwa," in ji ta, ta rage murya. "Sun gama kukansu tun ɗazu. Kawunka ya nuna masa hotunan jana'iza ɗaya bayan ɗaya, ya gaya masa waɗanda suka zo, da waƙar da aka rera, har bishiyar da ke kusa da kabarin. Ka san shi ya tsaya a madadin Baba ranar. Tun da Mama ta rasu ban ji dariyar Baba ba sai yau."

Falon ƙarami ne, kujera biyu da talabijin. Malam Matthew yana kan keken marasa lafiya, hannunsa na hagu a kwance kan cinya. Kawu ya cire hula, ya naɗe hannun riga, yana zaune a ƙasa a gabansa da kwano, yana kwaikwayon muryar wani shugaban makarantarsu na da. Sabo yana gefe yana dariya har da riƙe ciki, alhali bai san mutumin ba.

Munzali ya tsaya sororo cikin kwat ɗinsa. Tun da yake bai taɓa ganin haƙoran Kawu a waje haka ba.

Ya cire takalmi, ya durƙusa. "Baba, ya haƙuri? Allah ya ba da dangana."

"Mun gode wa Allah, ɗana," in ji Malam Matthew, harshensa na ɗan nauyi. Ya juya wajen abokinsa. "Zulki, wane ne wannan?"

Kawu ya ajiye cokali. "Wancan ka riga ka san shi, ɗana ne Sabo, shi ya kawo ni, Allah ya yi masa albarka. Wannan kuma Munzali ne, mai masaukina. Ya yi ɗawainiya ƙwarai."

Babu faɗa a muryarsa, babu gatse. Amma Munzali ya gwammace a ce mari ne. Mutumin da ya koya masa alwala, ya raka shi makaranta a bayan keke, yau ya kira shi mai masauki a gaban mutane.

Ya zauna a ƙasa kusa da Sabo. Chundung ta miƙo masa kwano, ya ci. Da lokacin aikin Sabo ya gabato, Munzali ya raka shi har mota, ya kama hannunsa da hannu biyu ya yi masa godiya.

"Haba, Injiniya, ba komai," in ji Sabo. "Ai tsohon kowa ne."

Kujerun gaba na U Street haka suka zauna babu kowa. Sai bayan isha'i tsofaffin suka rabu, Malam Matthew ya riƙe hannun Kawu ya ƙi saki, domin dukansu sun san da wuya su sake haɗuwa.

A hanyar komawa Silver Spring, Munzali ya daure har suka hau babban titi, sannan ya ce:

"Kawu, ka gafarce ni. Amma me ya sa ba ka gaya mini abin yana da muhimmanci haka ba?"

Kawu yana kallon fitilun motoci ta taga.

"Na gaya maka ranar Talata, Munzali," in ji shi a hankali. "A gidan da na rene ka, ka taɓa jin na faɗi abu sau biyu?"

Darasi: Karɓar baƙo ba nuna masa girman garinka ba ne, ba kuma nuna masa naka girman ba. Kafin ka tsara inda za ka kai shi, saurari abin da ya kawo shi, musamman idan babba ne, domin manyanmu sau ɗaya suke faɗa, a hankali, kuma kara ba za ta bari su maimaita ba. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwanmu da ke karɓar baƙi a ƙasashen waje, wataƙila akwai wani dattijo a ɗakin baƙinsu yanzu haka yana jiran a samu sarari.