Gandiroban da Ya Ari Hannun Wani

Ya 'yan uwa, ku matso. Masu gyangyaɗi a sahun baya ku ma ku farka, labarin yau bai da tsawo.

An yi wani mutum a nan Trinidad, gandiroba ne a ɓangaren waɗanda aka yanke wa hukuncin rataya. Ba zan faɗi sunansa ba, kunyar da ya sha ta ishe shi. Na san shi sarai, domin duk ranar da na shiga yi wa fursunoni nasiha, shi ke buɗe mini ƙofa.

Cikin masu jiran igiya akwai wani masunci ɗan Moruga mai suna Rawle. Ya kashe abokin sana'arsa Anslem a tsakiyar teku kan rigimar injin jirgi, bai kuma taɓa musantawa ba. Da ya shigo ba ya kula kowa, sai naushin bango. Daga baya Allah ya buɗa masa wata ƙofa, ya fara zane. Fentinsa daga kwanon abinci yake fitowa: kurkum na miya ya ba shi rawaya, gahawa ruwan ƙasa, man goge baki fari, zoɓon da ake raba musu lokacin Kirsimeti kuma ja. Buroshinsa gashin kansa ne ɗaure a tsinken tsintsiya, yana zane a kan tsohon buhun fulawa.

Na ga Alhaji Haniff yana ɗaga gira. Na san maganar malamai kan zanen mai rai, wannan karatun wata Juma'ar ne. Abin da na gani da idona shi ne mai naushin bango ya koma dariya. Sauran fursunoni har ƙwala masa kira suke ta bayan ƙarfe: "Rawle, zana min tsohuwata, amma ka rage mata faɗa!"

In ya gama, sai ya ba gandiroban nan ya kai wa iyalan masu shi. Shi kuwa gogan naka ya ce "An gama," ya naɗe, ya kai gidansa. Wata rana ƙanwar matarsa ta ga ɗaya a bango, ta riƙe baki ta ce, "Mijin Yaya, kai ka yi wannan?" Sai ya yi murmushi, ya yi shiru. Daga wannan shirun ya fara gangarawa.

Kafin ka ce me, ya sayi hular masu zane, ya bar gemu, yana tafe yana kallon sama. Mutumin da ko layin alli bai iya ja a miƙe ba!

Ana nan, Rawle ya yi zanen da ya fi ba shi wuya. Watanni ya yi yana zana fuskar Anslem yana dariya a bakin jirgi, sanye da jar riga. Ya miƙa wa gandiroba ya ce, "Ofisa, don Allah wannan na Tanti Verna ne, uwar Anslem. Ka ce mata ban taɓa manta fuskarsa ba. Ta yafe min kafin a kira sunana." Maganar ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan, ya haɗa zanen da sauran.

Kullum Rawle ya tambaya, "Ofisa, ta ce wani abu?" Sai ya ce, "Ta ce ta gani." Rawle ya ɗauka an ƙi shi, ya ajiye buroshi, ya fara ramewa. Wallahi abin ya ci mini rai, domin ni ma a lokacin ban san dalili ba.

Wane irin mutum ne zai saci tuban wanda ke jiran mutuwa?

To, wani kansila ya ga zanen Anslem a gidan gandiroban, ya ce ai hoton masunci sai bikin masunta, ranar da limamin coci ke sa wa jiragen kamun kifi albarka. A shekarar kuma a Moruga za a yi babban taron. Gandiroba ya sa hularsa ya tafi, ya tsaya kusa da zanen yana yi wa jama'a bayani wai fuskar a mafarki ta zo masa.

Sai ga wata tsohuwa mai tallar soyayyen kifi ta kutso. Ta ajiye farantinta, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo.

"Ɗan nan, kai ka zana?"

"Da hannuna, Tanti."

"Ina ka san ɗana?"

"Ban san shi ba, Tanti, baiwa ce kawai."

"Baiwa? Jar rigar nan ni na ɗinka ta, da asuba ya fara sa ta ran da ya shiga teku. Da aka tsamo shi babu riga a jikinsa. Ba wanda ya gan shi da ita sai ni da wanda ke cikin jirgin. Kofur! Zo ga na ukunsu!"

Masunta suka yi masa zobe. Dama an daɗe ana raɗe-raɗin akwai mutum na uku a jirgin. Kofur ya riƙe masa wuyan riga. Nan fa mai baiwa ya fara rantsuwa cewa bai iya zane ba, bai taɓa iyawa ba, yana roƙon a ba shi alli ya nuna. Aka ba shi, aka ce ya zana kifi a jikin jirgi. Abin da ya fito ya fi kama da silifa. Mutane suka yi dariya har da masu zama a yashi, shi kuwa yana murna an yarda cewa ɓarawo ne kawai.

Aiki ya tafi, fansho ya bi shi. Matarsa ta koma gidansu a Siparia. Har yau in ya wuce kasuwa, masu kifi na kiran sa, "Mai zane, zo ka sayi silifa!"

Tanti Verna kuwa ta naɗe zanen a hammata, ta nemi izinin ziyara. Ina wurin. Ta zauna tana kallon Rawle ta bayan ragar waya, shi kuwa ya kasa ɗaga kai. Can ta buɗe buhun ta ce, "Kunnen Anslem bai kai haka girma ba. Ka gyara, zan dawo in karɓa." Rawle ya kifa kai a kan teburi ya yi kuka kamar yaro. Da yamma ya aika a roƙa masa ragowar gahawa.

Ya 'yan uwa, ku duba. Mai kisa ya yi nadama da kurkum da zoɓo, ya sami wadda za ta dawo gare shi. Mai riƙe da makulli ya ci amana don a tafa masa, ya rasa komai. Saƙon da aka ba ka ba naka ba ne, ko da wanda ya ba ka ba shi da ikon bin sawu. Yabon abin da ba ka yi ba kuma, akwai ranar da za ka roƙi a cire maka shi.

Allah ya kiyaye mu da cin amana da son yabon banza, ya ba mu ikon tuba tun ba a kira sunanmu ba. Amin.