Ƙasar da Ake Jinyarta Wata Takwas

Ƙawata Hansatu, zafin nan ya kashe mini jiki, shi ya tuno mini da wani labari. Saurara.

A zamanin da, an yi wata ƙasa can ciki, nesa da kowane babban ruwa. Duwatsu sun kewaye ta. Tana da kogi ɗaya, da tafkin da tsuntsaye ke cikawa da damina, da wani marmaro mai sanyi a kan dutse wanda bai taɓa ƙafewa ba. Sarkinta Jatau ya tsufa, ya gaji da yaƙi.

Sai wani falke ɗan ƙasar, Tanimu, wanda ba ya zuwa gida sai ciyawa ta yi kore, ya je fadar wani babban sarki na gabas ya yi ta zuba: "Ƙasarmu aljannar duniya ce!" Babban sarkin ya aiko cewa jakadansa zai zo ya gani. In haka ne, shi sarkin zai kwaso dakarunsa da shanunsa ya tare a ƙasar.

Sarki Jatau ya yi tagumi. "Waziri, ba ni da ƙarfin takobi. Za mu zama bayi a gonakinmu ke nan?"

Waziri Nomau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ƙarya ba zan yi ba, ina tsoron Mahaliccina. Amma lokaci ma shaida ne."

Da damina ya aika wa babban sarkin cewa kogi ya datse hanya. Gaskiya ne. Da kaka ya ce jama'a na girbi, babu mai tarbar baƙo. Gaskiya ne. Sai da bazara ta kama, ƙadangare ma na neman inuwa, sannan ya ce a zo.

Jakada Barmo ya iso gumi har tsumman rawani. Ya ce, "Ina kogin?"

Waziri ya kai shi inda mata ke tonon yashi da ƙorai. "Ga shi, ranka ya daɗe. Barci yake yi a ƙasa."

"Tafkin tsuntsayen fa?"

Aka nuna masa laka ta tsattsage kamar faso. "Tsuntsayen baƙi ne. Sun fi mu wayo, sun tafi."

Jakada ya haɗiye busasshen yawu. "To marmaron? Ko shi ma barci yake?"

"A'a, yana nan, ruwansa har haƙori yake kamawa. Ga shi can a ƙwanƙolin dutse. In mun fara hawa yanzu, la'asar ta same mu a can. Bismilla."

Jakada ya dafa dutsen, ya fizge hannu kamar ya taɓa tanda. Ya dubi sama, ya dubi ƙafafunsa da suka kumbura. "Tsoho, bar ni da hawan nan. Tsakaninka da Allah, ƙasar nan tana da kyau?"

"Wata huɗu amarya ce. Sauran takwas jinyarta muke yi."

"Ku ci gaba da jinyarku," in ji jakada. Ko kwana bai yi ba.

Kwana uku da tafiyarsa hadari ya taso daga gabas, ƙasa ta yi ƙamshi. Sarki Jatau ya sa aka nemo Tanimu. Ya ce, "Ba za a taɓa ka ba. Amma bazara uku ba ka fita daga garin nan, kai ne mai tono wa mata ruwa a yashi. Wanda bai yi jinyar ƙasa ba, ba shi da bakin yabonta."

Kakata ce ta ba ni labarin, ta ce marmaron yana nan har gobe, ta sha ruwansa tana yarinya. Ba ta gaya mini sunan dutsen ba, ni ma ban tambaya ba. Don Allah, Hansatu, ya tsaya tsakaninmu. Bakin mutum ɗaya ya kusa cinye ƙasa guda.