Manomin da Bai Auna Idon Na'urarsa Ba

A wani ƙauye an yi wani manomi da aka danƙa wa na'urar duban sama. Ido ɗaya gare ta, in ta ga hadari sai ta yi ƙara. Masanan da suka kafa ta a gidansa suka ce masa, "Idon nan ba dukan sama yake gani ba. Ɗaura farin ƙyalle a kan doguwar gora, ka zagaya da shi, in ta gan shi za ta yi ƙara, ka sa alama inda take fara ganinsa da inda take dainawa. Abin da ya wuce alamar, da naka idon za ka duba."

Manomin ya ce to. Amma aikin gona ya sha masa kai, gorar tana jingine har gara ta cinye ta. Sau uku na'urar ta yi ƙara, sau uku aka yi ruwa, sai ya saki jiki. Ko ɗaga kai ya daina yi.

Da kaka ta yi, maƙwabta suka tambaye shi ko su shanya gyaɗarsu. Ya ce, "Ku shanya, ai shiru take." Suka baza wahalar shekara guda a fili, suka tafi girbi gonaki masu nisa.

Da rana tsaka matarsa ta ce, "Maigida, kudu fa ta yi baƙi."

Ya ce, "Da akwai hadari, da na'urar ta faɗa."

Hadarin kuwa ya taho ƙasa-ƙasa, ta gefen da idon bai kai ba. Sai da ya rufe kan gidan, ruwa ya kece, sa'an nan na'urar ta yi ƙara. Ruwa ya kwashe gyaɗar zuwa rafi, wadda ta ragu ta ruɓe. Ba wanda ya zage shi. Wucewa kawai suke yi ta ƙofar gidansa ba gaisuwa, wannan kuwa ya fi masa zagi ciwo.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Na'urar ita ce ɗan sanin da Ubangiji ya ba kowannenmu. Ba ƙarya take yi ba, iyaka gare ta. Gorar ita ce tawali'u, wanda yake nuna wa mutum inda ganinsa ya tsaya. Matar kuma ita ce ɗan'uwan da yake ganin abin da ba ka gani. Abin baƙin ciki shi ne, yawancinmu mun saba da ƙarar da take zuwa a makare, kuma ba mu kaɗai muke biyan hasarar ba.

Washegarin ruwan nan, manomin ya saro sabuwar gora, ya auna idon daidai. Amma babu sauran gyaɗar da za a shanya.